Kafin Ruwa Ya Ci Tungar Gawo

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na zauna gaban tukunyar tuwo a tambaye ni, in na je gidan suna a tambaye ni, har Iya Basira mai ɗinki ta hau okada takanas daga Mokola, wai "Alhaja, da gaske ne kin shiga kwale-kwale?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa a kai. To ga shi sau ɗaya. Ni ban yi boko ba, 'yar ƙanwata ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Mutanen unguwar Sabo ta nan Badun sun san 'ya'yana mata, amma da yawa ba su san ina da namiji ba, kuma shi ne na fari. Marigayi maigidana mutumin Nijar ne, fataucin goro ya kawo shi Badun. Da aka yaye yaron sai aka kai shi wurin kakarsa Ayya, a wani ƙauye da ake kira Tungar Gawo. Can ya girma, can ya yi aure, yau har furfura gare shi. Yaran yanzu ba su san wannan ba, don haka bari in faɗa. A tarbiyyar da aka yi mana, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta nuna wa jama'a ta damu da shi. Kunya ce. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka ni ma na yi. In ya zo Badun gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, sai in amsa ina kallon bango. In ambatonsa ya kama, in ce "wancan". Su kuma can garinsu Ta Badun suke kirana, har shi.

Tsakiyar damina matarsa Zinatu ta bugo waya tana kuka. Ta ce gwamnatinsu ta datse kwarin da garin yake ciki don a tara ruwa, an rufe ƙofofin dam, ruwa yana ta hawa. An gina wa mutane sabbin gidaje a kan tudu, kowa ya tashi, har ita da yara. Shi kaɗai ya ƙi, saboda kabarin Ayya yana bayan gidan.

Ta ce, "Inna, mai gari ya yi magana, liman ya yi, jandarmomi sun zo sun koma. Saura ke. In ke kika ce ya tashi, ba shi da yadda zai yi."

Na ce mata na ji. Na ajiye wayar. Ina da goyo lokacin da rafin Ogunpa ya yi ambaliya a garin nan, kuma na ga abin da aka jera a bakin titi washegari, an lulluɓe da zannuwa. Tun daga ranar ko kwata ta cika ba na tsallakawa. Yanzu ga shi ana kirana wurin ruwan da ya haɗiye gari guda, in je in yi magana da mutumin da ban taɓa yi wa magana ba.

Da sassafe na isa tashar Ojoo da jarkar manja da ƙullin goro, don ba a zuwa gidan suruka hannu sake. Wani agbero, ɗan kamashon tasha, ya fizge jarkar yana ihu, "Mama, Sokoto! Sokoto!" Na ce masa da Yarabanci ya ajiye mini kayana kafin in tara masa jama'a. Ya ajiye, amma ya riga ya sassauta murfin. Ba mu kai Oyo ba manja ya bi ƙarƙashin kujera ya sami gefen farar rigar wani malami. Malamin ya dubi rigar, ya dube ni, na dube shi. Ya ce Allah ya sa kaffara ce. Na ce amin, na miƙa masa goro.

Kusa da ni wata ƙatuwar mace ce mai suna Kulu, ta kawo busasshen kifi kasuwar Bodija za ta koma gida. Ita ma 'yar ƙetaren iyaka ce, kuma bakinta ba ya rufuwa. Kafin Ilorin na san sunan duk surukanta da laifin kowace. Da muka zo gadar Jebba na rufe idona na kama salati, ina jin ƙarar tayoyi ta sauya. Kulu ta zungure ni.

"Hajiya, buɗe ido ki ga ruwa! Ke da za ki ƙasar ruwa?"

Na ce, "Na gan shi a zuciyata, ya ishe ni."

Ta yi dariya, daga nan ta kama labarin dam, wanda su suke kira baraji. Ta ce garinsu yana ƙasa da shi, a bakin gulbi, shinkafa suke nomawa. Da damina ruwa ya zo da hauka ya wuce, da rani gulbin ya ƙafe sai yashi, shinkafa ta ƙone tana tsaye, mata su yi ta tonon rami suna kwarfar ruwa da ƙoƙo. Har faɗa ake yi tsakanin manoma da masu shanu a kan ɗan abin da ya rage.

Ta ce, "Rumbu ne aka gina wa ruwa, Hajiya. Yadda kike zuba gero da kaka ki riƙa ɗiba da bazara. Za a tara shi yanzu, in gulbi ya ja baya a riƙa sako masa kaɗan-kaɗan. Mu dai mun gode Allah."

Na ce, "Su kuma waɗanda aka gina rumbun a kan gidajensu fa?"

"An ba su gidan bulo, mi suke so? Kowa ya tashi. An ce dai akwai wani mai taurin kai da ya zauna shi kaɗai, ruwa ya kewaye shi. Ni na ce wanga ko uwarsa ba ta da rai ne, da za ta ja masa kunne?"

Na ce, "Tana da rai."

Ba ta ji ni ba, ta riga ta koma kan farashin kifi.

Bayan Mokwa hanya ta lalace, motar kuma ta yi tsit. Kowa ya san abin da ake faɗa game da dazukan nan. Direba ya kashe rediyo, malamin nan ya fito da carbi, wani saurayi ya zare wayarsa ya cusa cikin safa. Muka wuce wata mota a gefen hanya, ƙofofinta a buɗe, takalmi ɗaya a ƙasa, babu kowa. Ni kuwa abin da na riƙa tunani shi ne, in aka kwashe mu a nan, ruwan can ba zai tsaya jirana ba. Direban ya ƙi wuce Kontagora da yamma, muka kwana a tasha a kan tabarmin wata mai shayi, sauro ya yi mana yadda ya so. Washegari muka bi ta Yawuri, muka sauya mota, muka isa Kamba.

A bakin iyaka aka sauke mu duka. Na ɓangarenmu suka duba jarkata suka shinshina, suka bar ni. Na wancan ɓangaren kuwa wani jandarma ne siriri, zaune a ƙarƙashin rumfa. Ya yi mini Faransanci, ban gane ba. Ya yi wani yare, shi ma ban gane ba. Sannan ya juya Hausa irin tasu.

"Tsohuwa, ina za ki tahi?"

"Tungar Gawo."

"Babu Tungar Gawo yanzu, ruwa ne. Wurin wa?"

"Wurin wani."

"Mi sunanshi?"

Na dubi takalmina. Ya sake tambaya da ƙarfi, mutanen da ke bayana suka fara tsaki. Na ga alamar zai mayar da ni. Na ce masa mijin Zinatu ne, baban Rabi ne, jikan Ayya ne. Ya ce shi suna ya tambaya. Na ce to sai dai ya mayar da ni Badun.

Ya ɗan zuba mini ido, sai ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Ɗan fari na ko? Wallahi tsohuwata ma haka take. Na yi shekaru ina aikin ga, ko sau ɗaya ba ta kira ni ba, sai dai ta ce a kira mai kakin nan. Wuce, Inna."

Da na waiwaya sai na ga Kulu tsaye da kwandunanta, ta dafe baki. Ta gane. Ba ta ƙara cewa komai ba har muka shiga mota, abin da ban zaci tana iyawa ba. Da muka isa garinsu rana ta yi ƙasa, babu motar da za ta tudu sai gobe. Ta ɗauki jarkata da kanta ta ce gidanta zan sauka.

Mutanen kirki ne, ba zan ɓoye ba. An kawo mini dambu da zogale da wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi, wanda sai da na tsoma a shayi kafin haƙorina ya shiga. Gaisuwarsu doguwa ce, ta fi ta Yarabawa, sai sun tambayi gajiya da gida da ruwa da sauro ɗaya bayan ɗaya. Matansu suna shiga gulbi da zani ɗaya a ƙirji suna wanki, yara ƙanana suna iyo kamar kwaɗi, ba mai tsawata musu. A Sabo da mun ga haka da an tara unguwa. Amma abin da ya hana abincin shiga cikina shi ne addu'ar da na jiyo daga masallacinsu bayan magariba. Liman yana roƙon Allah ya ƙaro ruwa, ya cika baraji har baki, jama'a suna amin da ƙarfi. Ban ga laifinsu ba, na ga ramukan da suke tona a yashi. Amma kowane amin ji nake kamar ana ƙara wa wancan ruwa a wuya. Kulu ta leƙo ta gan ni, ta saki labulen ta koma.

Da safe ta sa ni a wata a-kori-kura. A hanya na ga dam ɗin da idona. Tudu ne na ƙasa da duwatsu da mutum ya tara, ya tare kwarin daga wannan dutse zuwa wancan, tsawonsa ya fi daga Sabo zuwa shataletalen Mokola. Ba a ma gama ba, katafila tana ta tura ƙasa a sama, ma'aikata masu hular kwano suna jera duwatsu. Ta gefenmu gulbi siriri yana tafiya a hankali. Da motar ta hau sama na leƙa ɗaya gefen, sai na riƙe ƙarfen mota da hannu biyu. Ruwa ne ja, shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ba ya gudu, ba ya ƙara. Na Ogunpa ihu yake yi, mutum ya ji ya gudu. Wannan shiru yake hawa.

Sabon garin layi-layi ne na bulo da kwano, babu bishiya ko ɗaya, babu zaure, ƙofar wannan tana kallon ta wancan. Awaki suna yawo suna neman gidajensu. Zinatu ta rungume ni, na ce ta bari, ba kuka na zo ji ba, ta kai ni wurin mai jirgi.

Sunansa Magaji, dogo baƙi, masunci ne tun kakanni. Ya dubi gabas inda hadari ya haɗu, ya ce an kwana ana ruwa a saman kwari, kuma duk abin da ya zuba can nan zai taru ko da ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Ya ce, "Zan kai ku, Hajiya, amma in na ce a tashi, a tashi. Ba na jiran kowa."

Yadda na shiga jirgin nan, Allah kaɗai ya sani. Itace ne guda aka fafe, in ka yi tari sai ya karkata. Na zauna a tsakiya na kama gefe da gefe. Magaji yana tuƙi yana nuna mana da haɓa: nan kasuwa ce, nan gidan mai gari, nan rijiya. Ni ban ga komai ba sai kan bishiyoyi da tulluwar masallaci. Wani wuri filafilinsa ya bugi katanga a ƙarƙashinmu, jirgin ya girgiza, na ce innalillahi da ƙarfi. A reshen wani gawo na ga macizai sun nannaɗe, su ma sun rasa wurin zuwa. Zinatu ta nuna wani jinka da ke yawo a kan ruwa ta ce na ɗakin uwarta ne.

Gidan wancan yana kan ɗan tudu, shi ya sa ya kai yanzu. Ruwa ya riga ya taɓa gindin katanga ta kowane gefe, ƙasar ta jiƙe ta yi baƙi har kusan ƙugu. Muka shiga. Na sami wancan a tsakar gida yana cika buhu da ƙasa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa sun kumbura sun yi fari saboda zama cikin ruwa. Bayan gidan, inda ƙasa ta gangara wajen wata tsamiya, ya kewaye kabarin da buhuna, ruwa yana tsiyaya ta tsakaninsu.

Da ya gan ni ya saki shebur ya durƙusa. Na juya ina kallon rumbu.

Na ce, "Zinatu, ki ce wa mai gidan nan ya ɗauko abin da zai ɗauka. Jirgi na jira."

Ya ce, "Zinatu, ki ce wa Ta Badun sannu da hanya. Ki ce mata Ayya tana nan."

"Ki ce masa liman ya ce babu laifi a bar mamaci inda yake. Ki ce masa yana da 'ya'ya."

Zinatu tana tsakaninmu tana juya kai, ba ta maimaita ko ɗaya ba, don kowa yana jin kowa.

Ya ce, "Ki ce mata da na yi ƙyanda Ayya ce ta kwana a kaina. Ki ce mata ban san wata murya da ta taɓa kirana cin tuwo ba sai tata. Ba zan bar ta cikin ruwa ita kaɗai ba." Sannan ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "In kuma Ta Badun tana da magana da ni, ga ni."

Na ci gaba da kallon rumbu. Shekara da shekaru harshena ya saba kewaye shi, ya ƙi miƙewa. Ya jira, ya ga ban ce komai ba, ya ɗora buhun a ka ya nufi bayan gida.

Sai iska ta taso, ruwan ya fara bugun katanga. Magaji ya ƙwala kira daga waje cewa a fito. Kafin mu kai ƙofa na ji wani nishi kamar na saniya, katangar gabas ta zauna gaba ɗaya, ruwa ya shigo tsakar gida da tukwane da tabarmi a kansa. Sanyinsa ya kama ni har gwiwa. Ban san lokacin da Magaji ya ɗaga ni ya jefa cikin jirgi ba, ya jawo Zinatu ita ma. Ya zagaya da mu ta inda katangar ta faɗi, muka hango wancan. Buhunan sun nutse, ba a ganin kabarin, amma yana ta gangarawa wajen tsamiya da buhu a ka, ruwa ya kai masa ƙirji.

Zinatu tana ihu, "Malam! Baban Rabi!" Bai juyo ba. Magaji ya kira shi da sunansa har muryarsa ta dushe, bai juyo ba. Magaji ya ce ɗakin da ke kusa da mu zai faɗo, shi zai juya jirgi.

Ni da ban iya tsallaka kwata ba, sai ga ni tsaye cikin kwale-kwale. Na kira sunan. Sunan da aka raɗa masa ina ɗaki ina jin maroƙi yana faɗa, wanda bai taɓa bi ta bakina ba. Kada ku sa ran ji a nan, sau ɗaya na faɗa kuma ya isa. Muryar da ta fito ban san ta ba.

Ya tsaya cak.

Na ce, "Kai nake wa magana. Ni na haife ka. Ajiye buhun nan ka zo."

Ya daɗe bai motsa ba, ruwa yana taɓa gemunsa. Sannan ya sunkuyar da kai, buhun ya zame ya nutse. Ya ɗaga hannu biyu wajen tsamiyar, bakinsa yana motsi, ya shafa. Ya juyo yana laluben ƙasa da ƙafa, sau ɗaya ya nutse gaba ɗaya, sai Magaji ya miƙa masa filafili ya jawo shi. Muna matsawa ɗakin ya rufta a inda jirgin yake tsaye ɗazu.

Ya zauna a gaba ya ba ni baya, ruwa yana zuba daga rigarsa. Muka wuce tulluwar masallaci. Can, bai juyo ba, ya ce, "Ashe kin san sunan."

Na ce, "Magaji, ka ce wa wancan ya zauna daidai, zai kifar da mu."

Kafaɗunsa suka kama rawa. Ko dariya ce ko kuka, ban leƙa ba.

Na yi 'yan makonni a sabon garin. Zazzaɓi ya kwantar da shi, na dafa masa kunu da hannuna na ba Zinatu ta kai. Da ya tashi, kullum da yamma sai ya je bakin tudu ya zauna yana kallon kan tsamiyar nan, har ranar da ba a ƙara ganinta ba. Ranar bai ci abinci ba, ni ma ban ce a matsa masa ba.

Ranar komawata shi ya ɗauko mini kaya zuwa mota, yana ɗingishi. Na shiga na zauna, ya tsaya a bakin taga, Zinatu tana bayansa tana jira in ba ta saƙon da za ta isar masa. Na dubi kujerar da ke gabana na ce, "Ka riƙa shafa man kaɗanya a ƙafar nan. Kuma kada in ji an ce ka koma bakin ruwan."

Ya ce, "To, Inna."

Na ce wa direba ya ja mota, rana tana yi.